Fason Ajidan

Mu mutanen kan dutsi da ƙafa ake gane mu. Ko a tsakiyar kasuwar Ibohamane, ranar da ta cika ba masaka tsinke, in ka dubi ƙasa za ka ware namu daga mutanen kwari. Tafin ƙafarmu kamar ƙirgi yake, diddige ya tsage gida-gida, faso nan, faso can, kamar bakin tabki da bazara. Ba mu taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. Garinmu ba shi da rairayi ko na cika ƙwarya. Baƙar tsakuwa ce tun daga ƙofar ɗaki har gona, tsidau da ƙarangiya su cike inda ta bari. Wanda ya zo mana da lallausar ƙafa, kwana biyu yake yi ya nemi aron jaki.

Da wagga ƙafa na yi aikin dutsi, shekarun da aka tara matan ƙasar Keita don a tare ruwa bisa fako. Mazanmu suna can cin rani bakin teku, mu muka ɗauki duwatsu a kai, muka jera su layi-layi, muka haƙa ramu muka dasa itace. Duk inuwar da kuke sha yanzu bisa hanya, ku tambaye ta, ta san ni. Na faɗi haka ne don ku san wace ce wani yaro mai baƙin tabarau ya sa ta tafka wautar da zan ba ku labari.

Ina da jika mace, ɗiyar ɗana na fari. Uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, ubanta kuma yana can arewa yana neman abinci, sai shekara-shekara muke ganin shi. Ni na yaye ta, ni na raine ta. Da ta isa lakkol, wato makarantar boko, ba mu da aji a garinmu, sai ta riƙa gangarawa kwari kullum safiya, ta hawo da marece. Takalminta na roba a hannu take riƙe shi, don kada tsakuwa ta cinye shi. Sai ta kai ƙofar lakkol ta sa, in an tashi ta cire. Haka ɗiyanmu duka suke yi, takalmi na shiga mutane ne, ƙafa ita ce ta tafiya. Shekara goma tana wannan hawa da gangara har ta samu takardar brebe, shaidar gama ƙaramar sakandare. In akuya ta ɓalle, ba a kiran samari, ita ake kira. Na sha ganin ta ta kamo bunsuru a guje bisa gangare inda kare ke taka sannu.

Wata ranar kasuwa muka ga wata mace cikin kakin soja ta tsai da kamyo, ƙatuwar motar kaya, da hannu ɗaya. Direban, ƙato mai gemu, ya sauko yana ta sannu-sannu yana laluben takardu. Jikata ta tsaya da tallan kuka bisa kai, ta manta da ni, ta manta da kasuwa. Da muka kama hawan dutsi sai ta juyo gare ni.

"Kaka, soja zan yi."

"Ke da ko kaza ba ki iya yankawa?"

"Ai ba mahauci na ce ba."

Na ɗauka zancen kasuwa ne, zai watse da kasuwa. Bai watse ba. Shekara biyu tana maimaita shi, har ubanta ya gaji ya ce ta waya, in kakarta ta yarda shi ma ya yarda. Ni kuwa na yarda, don ban ga abin da namiji zai ɗauka wanda ban ɗauka ba.

Sai dai akwai ƙulli ɗaya. Takardarta ta haihuwa, kawunta ne ya je ya yi ta wurin alƙali bayan ta girma, aka tambaye shi shekara, ya dubi rufin ɗaki ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Ya ƙara mata shekara biyu da ba ta ci ba. Mushen lakkol, malaminsu, ya duba ya ce mana, bisa wagga takarda, bana ce shekararta ta ƙarshe. In ba a ɗauke ta bana ba, baɗi ta tsufa ga soja, ko da a gida ba ta gama tsawo ba.

Da aka yi shela a rediyo cewa ana karɓar takardu, har da na mata, muka shirya. Na ɗaura zanena na shuni, muka hau motar kasuwa muka tafi gari.

Wani fili ne a bayan gari, an kafa rumfar kwano, samari sun yi layi har bakin hanya, 'yan mata kaɗan sun raɓe gefe guda. Cikin rumfar akwai tebur, bayan teburin akwai mutum. Ajidan suke ce mishi. Ban san mi ake nufi da ajidan ba, amma na gane ba shi ne babba ba, don duk sa'ad da farar mota ta shigo filin sai ya zabura ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. In motar ta wuce, ya zauna ya koma sarki. Bik uku ne a aljihunsa, ɗaya kawai ke rubutu. Baƙin tabarau cikin inuwa, tumbi ya ture maɓalli, takalmi kuwa ya sha gogewa, ƙuda in ya sauka sai ya zame. Hausa yake yi irin ta rediyo, yana yayyafa mata Faransanci kamar mai barbaɗa yaji bisa tsiren da bai gasu ba.

Muka kai gabansa. Na gaishe shi gaisuwar mutunci, ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Ya amsa mini da hanci.

"Tsohuwa, ke za a ɗauka ko ita?"

"In kuna ɗaukar irina, ɗana, rubuta mu biyu."

Mutanen layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Na ga ya ajiye wannan dariya a ransa, kamar yadda ake ajiye garwashi cikin toka.

Ya buɗe takardunta da yatsa ɗaya, irin buɗin mai duba ƙosai ko ya kwana. Ya jefa mata tambaya da Faransanci, ta mayar mishi da Faransanci. Ya sake, ta sake. Da ya ga nan ba ƙofa, sai ya komo Hausa, ya ɗaga murya don layi ya ji.

"'Yan mata, kin san mi ake ce ma soja? Ba kakin nan ba ne da kike gani a kasuwa. Rana ce, yunwa ce, ƙishirwa ce. Sarjan zai zagi uwarki da safe, ya zagi kakarki da marece."

"Kakar tana nan," na ce, "ya zo ya zaga, in ji ko ya iya."

"Tsohuwa, ba da ke nike ba." Ya juya gare ta. "Maza masu gashin baki na gani da idona sun tsallake katanga cikin kwana uku suna kiran inna. Ke da ban ga abin da iska zai bari ba? Ki je ki koyi ɗinki. Ko ki sai da hura a tasha, ga kakarki ta dama miki."

"Na ji, mon ajidan. A rubuta ni."

"Harsashi bai san mace ba."

"Na ji. A rubuta ni."

Ya jingina, ya busa iska, idonsa ya sauka ƙarƙashin tebur. Nan ya samu abin da yake nema. Ya cire tabarau.

"Matso. Cire takalmin nan. Ɗaga ƙafar. Kaporal, zo ka ga ikon Allah!"

Yarinya ta ɗaga ƙafa, don an ce ta ɗaga. Ya zaro bik ɗaya cikin marasa rubutu, ya duƙa, ya sa bakinsa cikin fason diddigenta, gaban samarin gari duka.

"Nan ai ko gero aka shuka sai ya yi dami! Wagga ƙafa ce ko kofato? Takalmin soja ba ya karɓar irin wagga. Lokotoro yana ganin ta zai kore ki, ko ƙirjinki ba zai saurara ba. Takardu zan karɓa, don doka ta ce in karɓa. Gudu nan da mako uku ne, bayansa duba lafiya. Amma in ina da ɗiya mai irin wagga ƙafa, ba ni kawo ta a yi mata dariya."

Layi ya kwashe da dariya, wanga karon tasa ce. Jikata ta mai da takalminta, ba ta dubi kowa ba.

Ni zagi ba ya kama ni. An zage ni a rijiya, an zage ni a kasuwa, na rama da riba. Abin da ya kama ni kalma ɗaya ce, lokotoro, wato likita. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. In an ce mini sarki ya ce, ina iya musu. In an ce lokotoro ya ce, sai in ɗauka a littafi yake, an buga hatimi. Muka hau motar komawa. Ina duban ƙafarta, ina duban tawa, karo na farko a rayuwata na ja zane na rufe diddigena.

Washegari na gangara cikin busasshiyar ƙorama na zaɓo dutsi. In dai dutsi ne ba a koya mini. Na samo mai ƙaiƙayi, cike da hannu, mai cin fata ba ya yanka. Na komo na dafa ruwa na jefa kanwa.

"Zauna. Miƙo ƙafa."

"Kaka, mi za ki yi?"

"Zan nuna ma ɗan banzan can mu ma muna da ƙafar gari, ɓoye ta muka yi."

Safe da la'asar, mako uku, ba fashi. A jiƙa cikin ruwan kanwa har fata ta yi fari, in goge da dutsi, kaushi yana zuba bisa tabarma kamar dusa, kaji suna zuwa suna tsattsaga. In shafa man shanu, in cusa shi cikin kowane faso. Kwana bibbiyu in ƙunsa mata lalle, in naɗe da tsumma. Na hana ta rijiya, na hana ta kiwo, na hana ta taka ƙasa ba takalmi ko daga ɗaki zuwa madafi. Na aro safa wurin wani ɗan ƙanena da ya komo daga cin rani, shi ne kuma ya ba mu aron baskit, takalmin gudu irin na 'yan birni. Ni da kaina na koma ɗaukar tulu da tsufana, don kada ƙafar soja ta taka tsakuwa.

Aminiyata, wadda muka yi aikin dutsi tare, ta shigo wata la'asar ta tarar da ni bisa aiki. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke, biki za a kai ta ko bariki?"

"Lokotoro ba ya son faso."

"Shi ya faɗa miki?"

"Ajidan ya faɗa."

"To, a dai yi sannu. Garin neman gira ake rasa ido."

"Ke da ba ki taɓa ganin ajidan ba, sai mai karɓar jangali, ina ruwanki da zancen manya?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Har yau in muka yi faɗa, wagga magana take tono mini.

Cikin mako na biyu yarinya ta ce, "Kaka, ƙafar nan tana jin iska." Na ce madalla. Kwana biyu bayan nan ta ce, "Yau na taka ƙwayar gero cikin takalmi, na ji ta har kaina." Na ce alhamdu lillahi, aiki yana kyau. Ku ji fa. Mace mai furfura, wadda ta san dalilin da Allah ya ba raƙumi irin tafinsa, tana murna ƙafar jikarta ta fara jin ƙwayar gero.

Ranar da mako uku ya cika, ƙafar ta zama abin kallo. Ja wur da lalle, sumul kamar cikin hannun jariri, faso ya rufe sai ɗan zane. Matan unguwa suka zo suna shafawa suna salati. Na ƙulle dutsina a bakin zane don gugar ƙarshe, muka koma gari ana jajibirin gudu, don an ce a zo a ji kiran suna.

Aka kira suna, aka ce kowa ya zo gobe da sassafe. Rana ta take, muka zauna gindin dogon yaro bayan rumfar muna jiran ta yi sanyi mu tafi gidan da muka sauka. Aka kira azahar. Sai ga ajidan ya zagayo da buta. Bai lura da mu ba, wa ke lura da tsohuwa a gindin itace? Ya zauna bisa bulo, ya yi nishi, ya kwance igiyar takalmin nan mai ƙyalli, ya zare shi, ya zare safa.

Jama'a, na ga faso a duniya. Na ga na masu haƙar rijiya, na ga na masu jan raƙuma. Ban taɓa ganin uban faso irin na wanga mutum ba. Diddigensa ya rabe kamar kwarin da ruwa ya ci shekara da shekaru, baƙi ƙirin a ciki, gefe ya yi fari ya tattashi. In nata a shuka gero ne, nasa sai a dasa kuka a ɗaure jaki gindinta. Ya zuba ruwa, ruwan ya shiga tsagar, ya ce, "Wash, Allah!" da muryar garinsu tsantsa, ba rediyo ba Faransanci. Na san irin wagga ƙafa. Ta duwatsun wajen Karofane ce ko maƙwabtansu, ta bi jaki, ta bi hauya, ta kori tsuntsu a gona. Ɗanmu ne, ɗan kan dutsi, uwarsa wataƙila mun ɗauki dutsi layi ɗaya da ita. Kuma wagga ƙafar ta shekara ashirin ko fi cikin takalmin soja, takalmin bai tofar da ita ba, lokotoro bai kore ta ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi kam cusa nasa ya yi cikin safa.

Dariya ta taso mini, ta kai maƙogwaro, sai ta tsaya. Na juya na dubi ƙafar jikata, ja, laushi, tana sheƙi da man shanu. Na dubi hanyar da za su bi gobe, jar marmara ce, tsakuwa zube kamar an shanya ta. Takalmin da dutsin garinmu ya yi shekara goma sha tara yana ɗinka mata, wanda ba ya tsagewa ba ya ɓacewa, ni na zauna na kankare shi da hannuna na ba kaji.

"Kin gani?" na ce mata.

"Na gani."

"Na cuce ki."

"Na sani, Kaka. Tun kwana na uku na sani."

"To don mi ba ki hana ni ba?"

"Wa ya taɓa hana ki?"

Da safe aka fara da maza. Kafin su gama, rana ta ɗaga, marmara ta fara ɗaukar zafi. Sannan aka jera mata. Wani kaftin, dogo marar yawan magana, wanda farar motar nan ke kawowa, ya yi bayani: za su bi hanya har inda soja ke tsaye da alli, ya shafa ma kowace a hannu, su juyo. Agogo yana hannunsa. In ya sauke hannu, ajidan zai busa usur na biyu, duk wadda ba ta tsallake layin tokar da aka zuba bakin fili ba kafin nan, ta koma gida.

Ajidan ya bi layin yana duba su. Ya kai ga jikata, ya ga lalle ya leƙo bisa idon sawu.

"A'a, kofato ya zama amarya! Kin komo dai?"

"Na komo, mon ajidan."

Ya busa na fari, suka zuba. Na gan ta cikin na gaba har suka sha kwana bayan tudu, tana ɗaga baskit ɗin nan kamar mai tafiya cikin laka, don ba ta taɓa gudu da shi ba.

Na tsaya bakin layin toka. Ban san tsawon lokacin ba, ni ba ni da agogo, inuwata nike dubawa. Can sai ga ta fari ta ɓullo, wata siririya 'yar gari. Ga ta biyu. Ga uku tare. Ina ƙirga kawuna, ba nata. Yarinyar da ke kamo bunsuru bisa gangare, ga ɗiyan masu shago suna riga ta. Wasu suka zo suna faɗuwa bisa layi, ana yayyafa musu ruwa. Hanya ta yi wayam.

Ajidan ya matso kusa da ni, usur yana lilo a wuyansa.

"Tsohuwa, ban faɗa miki ba? Mu mun san aikinmu."

Na kafa ido bisa hanya. Rana ɗaya ke nan a rayuwata da aka jefe ni da magana ban mayar ba.

Kaftin ya dubi agogo, ya ɗaga hannu sama. Ajidan ya sa usur a baki, ya cika kumatu da iska kamar kwaɗo, idonsa bisa hannun nan, yana jira kamar mai jiran a ce a sha ruwa da azumi.

Sai ga ta ta ɓullo bayan tudu. Takalmi a hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, yadda take zuwa lakkol. Daga baya ta faɗa mini, tun kafin su kai wurin mai alli baskit ya tayar mata da bororo a ƙafa biyu, bororon ya fashe, ta ga in ta bi ta takalmi ba ta kaiwa, ta zauna bakin hanya ta cire. Abin da ya rage ta yi shi da ɗanyar ƙafa bisa marmara mai zafi. Gudun kuwa nata ne, na kan dutsi, gajeren taki mai sauri, sai dai kowane taki fuskarta na murɗewa. Inda ta ɗaga ƙafa, sai ka ga ja a ƙasa, kuma lalle ba ya zuba.

Ban san sa'ad da na tattare zane ba. Na buɗe maƙogwaro na yi mata kiran da nike yi mata daga ƙofar gida in akuya ta shiga gonar mutane, kiran da ake ji daga wancan dutsi. Sojoji suka waiwayo. Ta ji. Na ga ta sunkuyar da kai ta ƙara mai. Na dubi hannun kaftin, na dubi kumatun ajidan, na dubi layin toka. Ta tsallake, ta yi taki biyu, ta zube bisa gwiwa. Hannu ya sauka. Usur ya yi ƙara, wata irin ƙara mai kama da kukan ɗan tsako, don iskar ta daɗe a baki har ta huce.

Aka ɗauke ta aka kai ta inuwa wurin lokotoron sojan. Saurayi ne, bai kai ɗana ba. Ya wanke ƙafar, yana tsince tsakuwa da ɗan ƙarfe.

"Wa ya yi miki wanga aiki? Ƙafar ɗiyan dutsi ba haka take ba."

"Ni ce," na ce. "Lokotoro, don Allah in tambaye ka. Faso yana hana soja?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ga da gaske nike.

"Inna, in faso na hana soja, da wa zai tsare ƙasar? Ido nike dubawa, da ƙirji, da jini, da ƙashi. Wa ya faɗa miki haka?"

"Wani masani."

Ya naɗe ƙafar, ya ce fata ce kawai, kafin ranar duba lafiya ta warke, kada a sa mata komi sai abin da ya ba mu. Ya ƙara da cewa, "Ban da dutsi." Na ce na ji.

Waɗanda suka tsallake, aka ce su je tebur a sa sunansu cikin babbar takarda. Ita ba ta iya takawa, na ce ta zauna, ni zan je in tsaya a rubuta. Na tarar da ajidan ya mai da tabarau, kaftin yana tsaye bayansa, kaporal yana gefe, samari sun kewaye rumfa. Na tsaya har ya kai sunanta. Ya rubuta shi da bik ɗin nan ɗaya mai rubutu, sannu-sannu, kamar ana cire mishi haƙori. Na sa kaporal ya karanta mini da ƙarfi, suna da sunan uba, don ni ba a yi mini rubutu a ɓoye. Sannan na kwance bakin zanena.

"Ɗana, mu ba mu zuwa gari hannu sake. Ga tsaraba."

Na ajiye dutsin bisa takardunsa.

"Mi ne ne wannan, tsohuwa?"

"Na goge kaushi ne, na gwada shi, yana ci. Ka jiƙa da ruwan kanwa safe da la'asar, ka goge, ka bi da man shanu. Jiya na ga taka wurin alwala. Ka yi maza, kada lokotoro ya gani ya kore ka, ga ka da iyali."

Kaporal ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Samari ba su juya ba, su a fili suka yi tasu. Kaftin ya dubi takalmin nan mai ƙyalli, ya dubi sama, ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Ajidan ya buɗe baki, Faransanci bai zo ba, Hausar rediyo ba ta zo ba. Ya ja ƙafafunsa can ƙarƙashin kujera.

"In ka je gida," na ce, "ka gaida innarka. Ka ce wata 'yar aikin dutsi tana gaishe ta."

Ƙafar ta warke, ta wuce duba lafiya, aka kira su Tahoua, daga can aka wuce da su inda ake horo. Sarjan ya zagi kakarta, ta ce mini, ba sau ɗaya ba, amma bai kai matan rijiyarmu iyawa ba.

Da ta samu hutunta na fari, yara suka rugo suka ce ga soja nan tafe. Na fita bakin gangare. Na hango ta can ƙasa inda mota ke sauke mutane, cikin kaki, ta zauna bisa dutsi tana kwance igiya. Ta ƙulla takalman biyu ta rataya a wuya, ta kamo hawa ƙafa ba komi, tana ɗan ɗingishi inda tsakuwa ta yi kaifi.

"Ke, gwamnati ta ba ki takalmi kina wulaƙanta shi?"

"Kaka, abin da kika ba kaji nike tarawa. Ki ɓoye duwatsunki."